Shin hoton baƙin ido yana nuna ciwon ƙoda?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan gwari ne a kasuwar Mile 12, shekarata 52. Makon jiya wani abokina ya kai ni wani shago a Agege inda ake duba lafiyar mutum ta ido. Mai shagon ya ɗora min wata 'yar kyamara a ido, hoton ya fito a kwamfuta ƙato kamar faranti. Bai taɓa jikina ba, bai ɗebi jini ba, amma ya ce ina da ciwon baya da olsa, kuma wallahi ina da su. Sannan ya nuna min wani ɗigo a ƙasan idon, ya ce ƙodata ta dama ta fara lalacewa, hanjina kuma cike yake da datti. Ya rubuta min magani na naira dubu 85, ya ce in ajiye ƙwayar hawan jinin da nake sha domin ita ke kashe ƙodar. Na biya dubu 5 kuɗin dubawa, maganin ban saya ba tukuna. Yayana mai ciwon suga shi ma ya matsa in kai shi. Don Allah gaskiya ne ido yana nuna ciwon ƙoda? In ba gaskiya ba ne, ta yaya ya san da ciwon bayana?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa kasuwa albarka.

Kafin komai, ƙwayar hawan jinin nan kada ka ajiye ta. In ma ka riga ka daina, ka koma kanta yau, ba sai ka gama karanta dogon bayanina ba. Sauran zancen yana iya jira, wannan ba ya jira.

Abin da kake son sani shi ne ko baƙin ido yana ɗauke da labarin ƙoda da hanji kamar yadda aka gaya maka, da yadda mutumin ya yi ya canko ciwon baya da olsa, sai kuma inda ya kamata kai da Yaya ku dosa. Ni likitan ido ne, aikina ke nan daga safe har la'asar, leƙa idanun mutane, da yawansu mutanenmu na Agege da Idi Araba da Alaba Rago. Ba kai ne farkon wanda ya zo min da wannan magana ba. Takardar nan mai zanen da'ira kala-kala da suke ba mutane, akwai huɗu ko biyar a durowata waɗanda masu su suka bari.

Abin da aka yi maka

Ka ɗauki madubi ka dubi idonka. Ga farin ido. Ga zoben nan mai ruwan ƙasa da muke ce wa baƙin ido. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗigo baƙi wuluk, wanda ba wani abu ba ne illa ƙofa da haske ke shiga, tana tsukewa in ka fita rana, tana buɗewa in ka shiga ɗaki mai duhu. Zoben nan shi mutumin ya ɗauka a hoto, kuma sana'ar tasa ana kiranta iridoloji.

Masu ita suna cewa wai duk jikin mutum an zana shi a kan wannan zobe. Sun yanka shi gida-gida, wajen gida 80 zuwa 90, kamar fuskar agogon bango. Ƙwaƙwalwa tana sama wajen ƙarfe 12, ƙafa da ƙoda suna ƙasa wajen ƙarfe 6, zuciya tana idon hagu wajen ƙarfe 3, hanta tana idon dama. Ciki da hanji su ne suka kewaye ƙofar tsakiya, fata kuma ita ce can bakin gefe. Idon dama na rabin jiki na dama, na hagu na rabin hagu. Duk ɗigo ko tsaga ko layin da ya faɗa a wani gida, sai a ce mai gidan ne ba shi da lafiya. Naka ɗigon ya faɗa ƙasa a idon dama, shi ya sa aka ce maka ƙodar dama.

Wasu kan ɗauka tsohon ilimin Sin ne ko na Indiya. A yadda aka san shi yau, daga Turai ya fito. Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz von Peczely, shi ya zana taswirar farko ya buga littafi a kai a farkon shekarun 1880. Labarin da ake bayarwa shi ne yana yaro ya kama mujiya, a kokawar da suka yi ƙafarta ta karye, sai ya ga wani baƙin layi ya fito a ƙasan idonta. Da ƙafar ta warke, layin ya sauya. Daga nan wai tunanin ya shige shi. Ɗan ɗan'uwansa ma daga baya ya ce labarin ƙagagge ne, amma har gobe da shi ake buɗe darasi. Ni dai abin yakan ba ni dariya, Bahaushen da ko kukan mujiya ya ji a kan rufin ɗaki sai ya yi a'uziyya, yau ga shi yana biyan kuɗi a auna shi da ma'aunin idonta. Bayan Peczely, wani limamin coci a Suwidin, Nils Liljequist, ya fitar da tasa taswirar a 1893, sannan wani Ba'amurke mai suna Bernard Jensen ya yaɗa abin a shekarun 1950. Zanen Jensen shi ne tushen da yawa daga cikin waɗanda ake liƙawa a bangon shaguna yanzu.

Ka lura da abu guda. Mutanen nan a kan idanun Turawa suka yi zanensu, idanu masu ruwan shuɗi ko kore waɗanda zaren cikinsu yake fili kamar saƙar taburma. Namu idon launi ya lulluɓe shi da kauri, kamar an shafe bango da makuba. Yawancin alamomin da littattafansu ke kwatantawa ma ba sa fitowa sosai a irin idonka da nawa.

An gwada su, ba sau ɗaya ba

A ce wani ya shigo Mile 12 ya ce shi in ya dubi saƙar kwando kawai, zai gaya maka ko tumatirin da ke ƙasa ya ruɓe. Ba za ka tsaya musu da shi ba. Kwando 20 za ka jera masa, ka ce ya nuna, sannan a juye kowa ya gani. To abin da likitoci suka yi wa masu iridoloji ke nan, kuma gwajin farko da ya shahara a kan ƙoda aka yi shi, daidai abin da ya dame ka.

A 1979, a birnin San Diego na Amurka, an ɗauki hoton idanun mutum 143. Daga cikinsu 48 gwajin jini ya tabbatar suna da ciwon ƙoda, 95 kuma ƙodarsu lafiya lau. Aka ba masu iridoloji uku hotunan, har da shi Jensen ɗin da kansa, ba tare da sun ga masu idanun ba. Da aka juye kwando, sai aka tarar abin da suka faɗa bai fi canki-canka ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce kashi 88 cikin 100 na masu lafiya suna da ciwon ƙoda. Wani kuma ya wanke kashi 74 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya kai ga wankin ƙoda, ya ce kalau suke. Ka ga kuskuren ta fuska biyu ne, an tsorata mai lafiya, an kwantar wa mai ciwo hankali, kuma na biyun ya fi muni.

A 1988 wani farfesa a Holan, Paul Knipschild, ya sake gwadawa da madaciya. Mutum 39 da ake shirin yi wa tiyata a cire musu madaciya mai ciwo, da wasu 39 masu lafiya, aka ba ƙwararrun masu iridoloji biyar hotunan idanunsu. Ba su iya ware waɗannan daga waɗancan ba, kuma ko a tsakaninsu bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2005 a Jamus aka gwada da ciwon daji. Cikin mutum 110, 68 suna da kansar da aka riga aka tabbatar, mai duban ya gano uku kacal. Tun a shekarar 2000 ma Farfesa Edzard Ernst, wanda a lokacin kujerarsa a jami'a a Ingila ta binciken magungunan da ba na asibiti ba ce, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙa'ida ya auna, ya ce hanyar ba ta da amfani wajen gano cuta, kuma tana iya cutarwa.

Dalilin da ya sa ba zai yiwu ba

Mu da muke shiga cikin ido da wuƙar tiyata mun san abin da ke cikin zoben nan. 'Yan tsokoki ne guda biyu, ɗaya mai tsuke ƙofa ɗaya mai buɗe ta, sai ƙananan hanyoyin jini, sai launi. Jijiyoyin da ke zuwa masa saƙonsu bai wuce "tsuke" ko "buɗe" ba, sai wadda ke kai labarin zafi in ido ya yi ciwo. Babu wata waya da ta taso daga ƙoda ko hanji ko mahaifa ta zo ta sauka a wani gida nasa. Masu iridoloji sukan kafa hujja da babbar jijiyar gani, mai zare sama da miliyan ɗaya. Gaskiya ne tana da su, amma daga bangon bayan ido ta taso ta tafi ƙwaƙwalwa, ko kusa da baƙin ido ba ta bi ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa ita ce wannan. Saƙar baƙin ido tun jariri yana ciki take kammaluwa. Launi kan ɗan ƙara duhu a shekarar farko bayan haihuwa, daga nan zanen ya zauna. Ba ya bin ciwo, ba ya bin sauƙi. Na idon dama daban, na hagu daban, ko tagwaye masu kama ɗaya kowa da nasa. Saboda wannan zaman da yake yi ne wani masani a Jami'ar Kambirij, John Daugman, ya ƙirƙiro hanyar gane mutum da baƙin idonsa a farkon shekarun 1990. Indiya ta ɗauki hoton idanun mutane sama da biliyan ɗaya don katin shaidar 'yan ƙasa. Da a ce zanen yana sauyawa duk lokacin da olsa ta tashi ko basir ya motsa, da na'urar ta riƙa korar mutane tana cewa ba su ba ne. Abu ɗaya ba zai zama shaidar da ba ta canjawa ba, kuma ya zama allon da ake rubuta ciwon yau a goge gobe.

Ina da marasa lafiyar da nake duba idonsu shekara da shekaru. Akwai dattijon da suga ta sa aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Na san idonsa kafin yankan, na san shi bayansa. A wajen ƙarfe 6 ɗin nan, gidan ƙafa, ko ƙwarzane bai fito ba. Haka matan da aka cire wa mahaifa. Ɗigon da aka nuna maka, mafi rinjayen zato tawadar Allah ce irin wadda ke fitowa a fata, ko wani ɗan gurbi a saƙar da aka haife ka da shi. Baƙin ido yakan sauya, ban ce a'a ba, in an ji masa rauni, ko ya yi kumburi, ko an yi masa aiki, ko mutum ya daɗe yana ɗiga wani maganin glakoma, wato hawan jinin ido, mai ƙara masa duhu. Amma duk wannan lamarin ido ne a kan kansa.

To ta yaya ya san ciwon bayanka?

Alhaji, ni ma da ban gan ka ba, daga wasiƙarka kaɗai zan iya canko su. Mutum mai shekara 52, ɗan gwari, wanda ya yi shekaru yana tsayuwa kan mota ana sauke kaya tun kafin asuba, yana sunkuyawa kan kwando, karin kumallonsa shayi da biredi, abincin rana sai kasuwa ta lafa. Ka shiga layinku ka tambayi mutum goma sa'anninka wa ba ya ciwon baya, wa kuma ƙirjinsa ba ya zafi in ya ji yunwa. Jifa ne a kasuwa, duk inda dutsen ya faɗa sai ya sami wani.

Ka kuma tuna zaman da kuka yi. Kafin ya ɗora kyamarar, ai kun gaisa, ya tambayi sana'arka, ya ga yadda ka dafa ƙugu za ka zauna. Wataƙila ya ce, "Da safe kana jin bayanka ya riƙe, ko?" kai kuma ka ce ƙwarai. Tambaya ya yi, amma da ka fito sai ka riƙe ta a matsayin shi ya faɗa. Kuma na tabbata ya ambaci wasu abubuwan da ba ka da su, waɗannan sun bi iska, biyun da suka dace su ka kawo min. Duk ɗan Adam haka yake, har da ni. Shi kuwa dattin hanji magana ce da ba a kama mai ita da ƙarya, don babu hanjin da babu datti a ciki, aikinsa ke nan.

Ban ce mutumin mazambaci ba ne. Da yawansu sun yarda da abin har zuciya, sun biya kuɗi sun yi kwas na 'yan makonni, sun sayi kyamara, manhajar kwamfuta kuma tana ɗora taswira a kan hoto ta fitar musu da rubutu. Amma ka dubi lissafin. Dubawa dubu 5, magani dubu 85, kuma a shagon da aka duba a nan ake sayarwa. Dubu biyar ɗin tsabar da ake watsa wa kaza ce. Ɗan'uwan wannan shi ne injin nan da ake ba mutum wani ƙarfe ya damƙa na minti ɗaya, firinta ta zubo shafi 30 na cututtuka. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya fi ɗigon tayar min da hankali. Mai ciwon baya a kasuwa, na san abin da yake sha: haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, mai diklofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Irin waɗannan ƙwayoyi su ne ke cin bangon ciki su kawo olsa, su ɗaga hawan jini, kuma in aka daɗe ana sha su taɓa ƙoda. Saboda haka mai yiwuwa ne ƙodarka tana buƙatar a duba ta da gaske. In ma gwaji ya nuna haka, ba idonka ne ya faɗa ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ita kuwa ƙwayar hawan jini da ya ɗora wa laifi, hawan jinin da ba a riƙe ba da ciwon suga su ne manyan masu kai mutane wankin ƙoda. Wasu magungunan hawan jinin ma don su kare ƙoda ake ba da su. Akan rage wani ko a sauya shi in ƙoda ta yi rauni, amma da sakamakon jini a hannu ake yanke wannan.

Abin da ido ke nunawa da gaske

Ido yana ba da labarin jiki, wannan ba ƙarya ba ne, kuma kakanninmu sun san wani abu a ciki. Tsohuwa takan ja fatar idon mai ciki ƙasa, in ta ga wajen ya yi fari fat ta ce jini ya yi ƙaranci. In farin ido ya koma ruwan ɗorawa, kowa ya san shawara ce, ko daga hanta ko daga fashewar jini irin ta masu sikila. Farin zoben da ke fitowa a gefen baƙin idon tsofaffi, wanda masu iridoloji ke son nunawa, a dattijo tsufa ne kawai, amma in na gan shi a matashi sai in tura shi awon kitsen jini. Shi ma ba a jikin baƙin idon yake ba, a kan garai-garan tantanin da ya rufe gabansa yake.

Babban labarin yana can ciki. In na ɗiga maka magani ƙofar nan ta buɗe, na haska fitila ta ciki, zan ga bangon bayan ido, wanda muke ce wa ratina. Nan ne likita yake ganin hanyoyin jini ƙuru-ƙuru ba tare da ya tsaga fata ba. Hawan jini yana sa su tsuke su yi tauri, wani lokaci su fashe. Suga tana barin ɗige-ɗigen jini da wani maiƙo-maiƙo mai ruwan ƙwai. Sikila, musamman mai SC, tana toshe na gefe-gefe. In wani abu yana danne ƙwaƙwalwa, kan jijiyar gani yakan kumbura. Na sha gaya wa mutum ya je a auna masa suga, bai taɓa sanin yana da ita ba, tabarau kawai ya zo nema. Tun 2018 ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ke karanta hoton ratina da kanta ta gano ɓarnar suga. Wannan an gwada ta ta ci jarrabawa, kuma ba baƙin ido take dubawa ba.

Ga inda ƙoda ta shigo. Ƙananan hanyoyin jinin ratina da na matatar ƙoda kusan iri ɗaya ne, abin da ya ci waɗannan yakan ci waɗancan. In na ga suga ko hawan jini sun yi ɓarna a bayan ido, nakan rubuta wa mutum awon fitsari da na jini nan take. Amma ko ni da na leƙa har ciki, ba zan ce maka ƙodarka ta dama ta lalace ba. Iyakata in ce ka je a auna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cewa mai kyamarar yana kallon ido, amma ciwon idon kansa ba ya gani. Wani dillalin shanu daga kwatar Oko-Oba ya taɓa zuwa wurina, ɗansa na riƙe da hannunsa, takardar nan mai kala a aljihun gaban riga ta yi laushi don ninki. Kukansa shi ne yana yawan karo da mutane ta gefe, har ƙahon sa ya taɓa yagar masa hannun riga bai ga tahowarsa ba. Sau biyu aka ɗauki hoton idonsa a irin shagon nan, aka ce hanta ce, ya yi wata huɗu yana shan garin magani. Da na auna ƙarfin ruwan idon, na dama ya haura 40, alhali na lafiya bai cika wuce 21 ba. Glakoma ce, wadda mutane ke ce wa hawan jinin ido. Jijiyar idon dama ta riga ta tafi, ta hagu muka tsaya ceto. Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "Amma Likita, ai idon ya duba." Ban sami abin ce masa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama suna da glakoma, kuma fiye da 9 cikin 10 nasu ba su sani ba. Mafi yawanci ba ta zafi, ba ta ja, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa.

Namu laifin, da iyakata

Na san abin da ke kai mutanenmu can. An ba ka kujera, an saurare ka rabin awa, wataƙila da Hausa, an nuna maka hoto ka gani da idonka. A asibiti kuwa sai ka bar kasuwa tun asuba, ka yi layin kati, ka yi na biya, ka ga likita minti biyar yana Turanci ko Yarbanci, ka fito da takardar da ba ka san me ke ciki ba. Wannan gyaranmu ne, ba na musu.

Kuma ba maganin gargajiya nake yi wa kuɗin goro ba, maganata a kan hanyar gano cuta ce. In an kuskure cutar, ko maganin mai kyau ne ya tafi a banza. Lambar NAFDAC da za a nuna maka a jikin kwalba, in ka ga harafin L a ƙarshenta, rajista ce ta cewa an duba ba a ga yana cutarwa ba, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba ce. Jihar Legas tana da hukumar masu maganin gargajiya, tana da HEFAMAA mai ba wuraren jinya lasisi, kana da damar tambayar takardarsu. Sai dai takarda a bango ba ta mayar da taswirar gaskiya.

Ni kuma ban gan ka ba, ban auna ka ba, kuma ƙoda ba fannina ba ce. Ba zan ce maka lafiyarta lau ba, kamar yadda shi ma bai isa ya ce ta lalace ba.

Inda za ku dosa

Ka je babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai, na Gbagada ko na Ikorodu daga Mile 12, ko na Orile Agege in a can kake kwana. Ka ce kana da hawan jini kuma kana so a duba ƙoda. Za a auna hawan jinin, abin da ake so ya zauna ƙasa da 140 bisa 90. Za a ɗebi jini a duba kiretinin da yuriya, su ne dattin da ƙoda ke tacewa, in ta gaza sai su taru. Za a duba fitsari ko yana zubar da furotin, wanda sau da yawa shi ke fara nunawa tun mutum bai ji komai ba. Ka je ba ka karya ba don a haɗa da awon suga. In likita ya ga dalili zai ƙara da hoton ciki. A mafi yawan wurare duka waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin maganin da aka rubuta maka ba, kuma in kana da inshorar Ilera Eko ta jiha ka tafi da katinka. In aka ga matsala za a tura ka wurin likitan ƙoda, akwai su a asibitocin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja da LUTH da ke Idi Araba. Amma in ka ga fuskarka tana kumbura da safe, ko ƙafafu, ko fitsari yana kumfa kamar an zuba omo, ko ya ragu sosai, kada ka jira ranar da kasuwa ba ta ci.

Haɗin kemis ɗin nan ka dakatar da shi, ka gaya wa likita gaskiyar tsawon lokacin da ka yi kana sha, ya nema wa bayan wata hanyar.

Shi kuwa Yaya, idonsa yana buƙatar dubawa fiye da naka, amma a asibitin ido, kuma duk shekara ko da yana gani garau, domin suga takan yi nisa a ratina kafin gani ya ragu. Kada ya taɓa maganinsa na suga. Ku tafi tare, kai ma a auna maka ƙarfin ruwan ido tunda ka haura 40. Ku zuba duk abin da kuke sha a leda ku riƙo, na asibiti da na kemis da jiƙe-jiƙe da na ƙarin kuzari, kada ku ɓoye ko ɗaya don kunya. Maganin da za a ɗiga muku zai sa gani ya yi hazo na wasu awanni, hasken rana kuma ya dame ku, saboda haka ku riƙo baƙin tabarau, kada ɗayanku ya ja mota ko babur, ku zo da yaron da zai tsallakar da ku titi.